Ta Ƙofar Baya: Iyalin Injiniya Bajamushe a Garin Ma'adinai da Bashin da ke Kan Manazarta Hausa

Gidan Bature a bariki ƙofa biyu gare shi. Ta gaba ita ce ta baƙi da abokan aiki. Ta baya kuwa ta kuku ce da boyi da mai reno da Bafillatanar da ke kawo madara da safe. Kusan duk abin da aka rubuta game da zaman iyalan Turawa a Arewa, ta ƙofar gaba aka shiga aka rubuto shi. Constance Larymore, wadda mijinta ya yi aikin mulki a Borgu, ta fitar da littafinta a 1908, ta keɓe kashi guda na shawarwari a kan gida da lambu da yadda ake tafiyar da barori. Isabelle Vischer, matar Ɗan Hausa, ta fitar da nata da Faransanci a 1917. A irin waɗannan littattafai kuku yakan leƙo ne kawai, ya ƙona miya ko ya yi wani abin dariya, ya koma madafa. Ra'ayin da nake son in kare a wannan maƙala shi ne cewa zaman iyalin injiniya Bajamushe, ko wani baƙo irinsa, a garin haƙar ma'adinai batu ne na nazarin Hausa, domin da Hausa aka tafiyar da rabin rayuwar wannan gida. Wannan rabin kuma shi ne wanda mutanen Bagudo da maƙwabtansu na bakin iyakar Benin suke bukatar sani a yau.

Wanda zai ce wannan sabon abu ne, sai a tuna masa da Dorugu. Yaro ne daga ƙasar Damagaram da bauta ta kai Kukawa, inda Adolf Overweg ya 'yanta shi. Overweg Bajamushe ne, kuma masanin duwatsu, wato kakan injiniyoyin ma'adinan da muke magana a kansu. Da ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, sai Dorugu ya koma hannun Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Tare suka sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, suka bi ta Birnin Kabi zuwa Sayi da Tumbuktu. A 1855 Dorugu ya isa Turai, ya ga mahaifin Barth da danginsa a Hamburg, ya zauna a Ingila, ya lura da yadda ake jera maza da mata a teburin cin abinci. Duk wannan ya faɗa wa J. F. Schön da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin rubutun zube na Hausar boko da muke alfahari da su labarin gidan Bature ne daga bakin yaron gida. Mun karɓi Dorugu a matsayin tushe, muna koyar da shi a darasin tarihin rubutu, amma ba mu nemi magadansa ba. Ga su nan kuwa da yawa, tsofaffin kukuna da direbobi da masu gadi, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a Bukuru da Kalambaina da Arlit.

Dalilin da ya sa na ɗora maganar a kan Bagudo yana bukatar bayani. Jamusawa sun taɓa sa ido a kan wannan yanki. A 1895 ayarin Hans Gruner, da ya taso daga Togo, ya biyo kogin Kwara daga Sayi, ya ratsa ƙasar Illo, ya isa Gwandu yana neman yarjejeniya da Sarki Umaru Bakatara. Takardar da ya koma da ita ba ta haifa wa Jamus komai ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ita ce ta yanke hukunci: aka auna mil goma daga Giris, mashigar jiragen Illo, zuwa sama, aka ce nan iyaka ta taɓa kogi. Illo ta faɗo hannun Ingila, daga baya aka raba ta da Borgu aka haɗa ta da masarautar Gwandu. Wannan layi shi ne yau ya raba Lolo da Madekali, ya raba Tsamiya da Segbana. Sai dai abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai san da layin ba. A ɓangarenmu akwai manganis a yankin Ka'oje, wanda masu nazarin ƙarafa a jami'o'inmu suka yi gwaje-gwaje a kansa. A ɓangaren Benin akwai tama a Madekali da Lumbu-Lumbu. Gabas da nan, a ƙasar Yauri, zinariya ce tun da daɗewa, ga kuma litiyom da ya jawo baƙi zuwa Libata ta ƙaramar hukumar Ngaski. Ƙasar da ta saba da albasa da shinkafa da kifi da fataucin kan iyaka, baƙo mai hular kwano da na'urar awo yana bakin ƙofarta. Kafin ya shigo ya kamata a san yadda ire-irensa suka zauna a wasu wurare.

Tsarin zaman an gaje shi ne daga filayen kuza na Jos. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Lugga, ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai saboda sauro. Kamfanonin kuza suka bi wannan sawu: manaja da injiniya a kan tudu, akawu da helma a tsakiya, lebura a bukkoki kusa da rami. Harshenmu ya adana taswirar nan fiye da yadda takardun kamfani suka adana ta. Barikin Ladi suna ne na gari. Diban gwamna shi ne sunan da talakawa suka ba aikin tilas na 1942 zuwa 1944, lokacin da aka kwashi mutane daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, aka kai su haƙar kuza cikin sanyin da ba su saba da shi ba. Bill Freund ya rubuta tarihin jari da ƙwadago na waɗannan filaye a 1981, kuma aiki ne mai daraja, amma ma'aunin tattalin arziki ya ɗauka. Madafa ba ta cikin abin da ya auna.

Injiniyoyin Jamus sun fi yawa ne bayan samun mulkin kai, kuma wannan gida suka tarar suka shiga. Kamfanin siminti na Sakkwato, da aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, yana fasa dutse ne a Kalambaina, kuma daga shekarar 2000 ya yi wasu shekaru a hannun Scancem, reshen kamfanin Heidelberg na Jamus. Julius Berger ya shigo ƙasar nan a 1965, kuma sansanin da ya gina wa ma'aikatansa a Abuja, mai asibiti da makarantar Jamusanci, shi ne ya bai wa unguwar Life Camp sunanta. A Nijar, kamfanin SOMAÏR da aka kafa a 1968 don haƙar yuraniyom a Arlit ya taɓa samun hannun jarin kamfanin Urangesellschaft na Jamus ta Yamma, ko da yake Faransawa ne ke riƙe da ragama a lokacin. A duk waɗannan wurare akwai katanga, akwai janareto, akwai kantin da ba kowa ke shiga ba.

To, yaya rayuwa take a bayan katangar? Shi maigida ya fi kowa sauƙi. Da asuba direba ya ɗauke shi, ya wuni tsakanin injuna da mutanen da ke jin yarensa na aiki, Hausarsa ba ta wuce ta umarni: kawo, tsaya, maza-maza, gobe. Uwargida ita ce ke ɗauke da nauyin baƙunta. Sau da yawa mace ce mai sana'arta a ƙasarsu, ta ajiye ta biyo miji, ta sami kanta a gidan da ba a bar mata ko shara ba. Wanda take wuni da shi kuku ne. Daga bakinsa take sanin farashin kaza, da dalilin da ya sa ba a samun nama mai kyau ran kaza, da abin da azumi yake nufi ga mutumin da ke tsaye gaban murhu tun hantsi yana dafa abin da ba zai ɗanɗana ba. Shi ne tafintanta, shi ne jaridarta, shi ne kuma mai tace abin da zai kai kunnenta. Yaran kuwa a bayan mai reno suke girma, a goye, suna jin waƙar reno da tatsuniya. Ɗan Bajamushe yakan iya cewa tuwo da zo nan kafin ya daidaita harshen uwarsa. Sai shekarun makaranta su zo, ko kwangila ta ƙare, a ɗaure akwatuna. Mai renon da ta yi shekara huɗu da yaro a bayanta a sallame ta da tsofaffin labule da takardar shaida da ba ta iya karantawa.

A nan ne kalmar iyali take neman a yi mata tambaya. Idan aka ce iyalin injiniya, iyali nawa ke cikin wannan shinge? Akwai na gaba mai ɗakuna huɗu. Akwai na baskwata, inda kuku yake da ɗaki guda, wani lokaci da matarsa da 'ya'yansa waɗanda aka gargaɗa kada su yi hayaniya lokacin da uwargida ke barcin rana, wani lokaci kuma shi kaɗai, ya baro su a ƙauye yana aike duk wata. Kwanciyar hankalin iyali na farko a kan rabuwar na biyu aka gina ta. Ferdinand Oyono ya nuna wannan da Faransanci tun 1956 a labarinsa na yaron gida a Kamaru. Ƙagaggun labaranmu na Hausa ba su cika shiga wannan madafa ba, alhali masu aiki a cikinta, daga Jos har Arlit, da Hausa suke hira idan dare ya yi.

Ba ina nufin a zana Bajamushe a matsayin dodo ba. Masu aikin gida sukan bambanta Bature da Bature, kuma hukuncinsu ba ya bin ƙasa ko tuta. Suna da ma'auninsu: wa ke biyan albashi ran da ya ce, wa ke zagi a gaban mutane, wa ya zo gaisuwar mutuwa, wace uwargida ce ke ƙirga ƙwayar sukari. Laƙabin da suke sa wa mutum shi ne taƙaitaccen tarihinsa. Mun san Mai Jimina da Ɗan Hausa da Malam Musa domin manya ne, an rubuta su. Laƙuban injiniyoyi da matansu, waɗanda ake raɗawa a bayan madafa, ba wanda ya tattara. Wannan kuwa aikin mai nazarin sunaye ne tsantsa. Haka kalmomin aro na rami da inji, da Hausar bariki da ake yi tsakanin uwargida da kuku, wadda kowannensu yake rage harshensa don ɗayan ya gane, har a sami wata Hausa ta uku da ba ta kowa ba. Akwai ma maganar da ake yawan ji a garuruwan zinariya na tsohon Lardin Sakkwato, cewa tsofaffin ramukan da aka watsar tun yaƙin Hitila na Jamusawa ne, kuma rubuce-rubucen masana albarkatun ƙasa sukan maimaita ta. Hanyar gwada irin wannan magana tana hannunmu. A tambayi tsofaffi: wane laƙabi aka sa masa, wa ya yi masa kuku, ya zo da mace ko shi kaɗai, a wace rijiya ake ɗebo masa ruwa?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi kowace nauyi, kuma ita ce ta fitar da batun daga sha'awar tarihi zuwa maganar rai. Injiniya ya san abin da ke cikin ƙurar da ke tashi da ruwan da ke gangarowa daga rami. Ba lallai ne ya faɗa a taron gari ba, amma yakan faɗa da aikinsa a gida: inda ya zaɓa a gina masa ɗaki dangane da iska, ruwan da ya yarda 'yarsa ta sha, kayan lambun da ya hana a saya. Kuku ya ga duk wannan. Ya san ko ana tafasa ruwa, ko ana tacewa, ko kuwa daga wani gari ake kawo shi a kwalba. A Arlit an gina unguwar manyan ma'aikata da ta ƙananan ma'aikata, sauran jama'a suka yi wa kansu matsuguni a gefe, har wata unguwa ta ci sunan Bukoki. Shekaru bayan haka masu bincike suka tarar da tarkacen ƙarfe mai guba daga ma'adinan ana sayarwa a kasuwa, mutane na yin kayan gida da shi. Idrissou Mora-Kpai, ɗan Bembereke ta Borgun Benin wanda ya koyi shirya fim a Jamus, ya nuna a fim ɗinsa na 2005 yadda garin da aka taɓa kira Faris ta biyu ya koma bayan da kasuwar yuraniyom ta faɗi, baƙi suka kwashe iyalansu. Amina Weira, 'yar wani ma'aikacin ma'adinan, ta biyo da nata a 2016. Masu fim sun riga mu shiga wannan fage.

A kwatanta wannan da abin da ya auku a Zamfara a 2010. A Bagega da Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an riƙa kai dutsen zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Dutsen cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Babu katanga a can, babu yadi 440, iyalin mai haƙa da ma'adinin a turmi ɗaya suke. Ilimin da ke sa injiniya ya nisanta 'ya'yansa daga ƙura bai taɓa ƙetare shinge ya shiga harshen da matan Bagega ke ji ba, sai da aka fara haƙa ƙananan kaburbura.

Yanzu kuma zamanin zuwa da iyali ya kusa shuɗewa, kuma a jihar Kebbi aka ga alamar farko. A watan Mayu na 2011 aka sace injiniyoyi biyu, ɗan Ingila da ɗan Italiya, daga masaukinsu a Birnin Kebbi, inda suke aikin ginin reshen Babban Bankin Nijeriya. An kashe su a Sakkwato a watan Maris na 2012 lokacin da aka yi yunƙurin ceto su. A watan Janairu na wannan shekara aka sace wani injiniya Bajamushe a wurin aikin hanya a gefen Kano, shi ma ya rasa ransa a ƙarshen Mayu. Tun daga nan baƙon injiniya a Arewa yakan zo ne shi kaɗai, ya yi 'yan makonni ko watanni a bayan waya mai ƙaya da masu bindiga, ya koma gida hutu, wani ya canje shi. Yau ma ya fi yiwuwa ya kasance ɗan Sin, kuma sau da yawa da mai dafa masa abinci yake zuwa. Babu mai hankalin da zai zargi mutum don ya ƙi kawo 'ya'yansa inda ake sace mutane. Amma a lura da abin da gari ya rasa. Duk da wariyar da ke cikin tsohon tsari, mutumin da matarsa za ta haihu a wurin yana da dalilin son a sami asibiti, wanda 'yarsa ke shan ruwan wurin yana da dalilin aunawa. Ƙofar baya ma, komai ƙanƙantarta, ƙofa ce: labari na fita ta nan, roƙo na shiga. Sabon sansani ba shi da ita.

Na san za a ce wannan aikin masana zamantakewa ne ko na tarihi, mu namu harshe ne da adabi da al'ada. Za a kuma ce Bagudo ba ƙasar Hausa ce zalla ba, kuma gaskiya ne: akwai Fulani a Ka'oje, akwai Dandawa da Zabarmawa a bakin kogi, akwai Busawa da Kyangawa a ƙasar Illo. Amsar ta farko ita ce Baba ta Karo. Mary Smith ba ta sami abin da ta samu ba sai don ta zauna da tsohuwa ta saurare ta da Hausa, kuma har yau masana tarihi da na zamantakewa daga wannan rijiya suke sha. Tsohon kuku ba zai buɗe cikinsa ga mai takardar tambayoyi da Ingilishi ba, kuma abin da zai faɗa rabinsa habaici ne da karin magana da shiru, waɗanda sai wanda aka horar a fagenmu zai iya warwarewa. Amsa ta biyu ita ce, Hausa ce harshen kasuwa a Lolo da Tsamiya, da ita Badande da Bafillace suke ciniki, kuma da ita za a ɗauki lebura ran da aka buɗe rami, ko a wannan ɓangare ko a wancan. Wannan nauyi ne a kanmu, kuma yana nufin mu yi aikin tare da masu jin Dandanci da Busanci da Fulatanci, kada Hausa ta zama sabuwar katanga.

Akwai kuma wurin da wannan ilimi zai yi aiki kai tsaye. Tsarin mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, saboda haka manomin Ka'oje ba shi da iko a kan manganis ɗin da ke ƙarƙashin gonarsa. Abin da dokar ta ba shi shi ne sashe na 116, wanda ya wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Da Ingilishi ake rubuta irin wannan takarda, lauyan kamfani ne ke tsara ta, kuma abin da aka saba nema a ciki shi ne rijiyar burtsatse da ajujuwa biyu da gurbin maigadi. Al'ummar da ta ji shaidar kukun Kalambaina da mai renon Arlit za ta nemi wasu abubuwa daban. Za ta ce a rubuta cewa ruwan da sansani ke sha da wanda gari ke sha a wuri ɗaya za a auna su, a karanta sakamakon a bainar jama'a da harshen da suke ji. Za ta ce asibitin sansani ya karɓi mai naƙuda daga gari cikin dare, a kuma bayyana tun farko wanda zai cike rami idan kwangila ta ƙare.

Sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo shi ya fi kusa da wannan aiki, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ɗalibi ɗaya mai neman digiri na biyu, da na'urar ɗaukar magana da kuɗin mota zuwa Kalambaina, zai iya zama da mutum goma da suka yi aiki a gidajen baƙin injiniyoyi, ya rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, ba tare da ya gyara musu Hausa ba. Wanda ya shiga aikin kuku yana ɗan shekara ashirin lokacin da aka kunna injin siminti a 1967, yau yana dab da tamanin.